HAWAN KEKE DON SHAN ISKA

A ƙasar Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, watau kudancin Jihar Katsina ta wajen yamma, babu wanda za a tsaya a yi wa bayanin keke. Dattawa suna ce masa basukur. Da shi manomi yake ɗauko dammunan dawa daga gona, da shi ake kai buhun masara kasuwar Ɗandume ko ta Sheme, da shi malamin makaranta yake zuwa wurin aikinsa. Da babura suka yi yawa, mutane da dama sun jingine kekunansu a zaure har suka yi tsatsa. Amma a ranar 29 ga Mayu 2023 ne gwamnati ta janye tallafin man fetur, kuɗin mai ya ninka kusan sau uku cikin 'yan kwanaki, sai ga waɗannan kekuna an kakkaɓe musu ƙura sun komo hanya.

Wannan duka hawan aiki ne. Abin da nake so in yi maka magana a kansa dabam ne, watau mutum ya hau keke ba kaya, ba saƙo, ba kasuwa, don kawai ya motsa jini ya sha iska ya komo gida. Na san za a yi maka dariya da fari. Wani zai tare ka a bakin hanya ya ce, "Malam, ina zuwa da yammacin nan?" Ka ce masa, "Babu ko'ina, shan iska nake yi." Ya riƙe baki ya ce, "Ikon Allah, magidanci da furfura!" Kada wannan ya dame ka. Tun zamanin da, sarakuna da attajirai sukan hau doki su fita kilisa, ba wanda ya taɓa ce musu sun yi yarinta. Keke kuwa dokin talaka ne, ba ya cin harawa, ba ya neman ɗan kula da barga.

Keke ba tsohon abu ba ne ƙwarai. A shekarar 1817 wani Bajamushe, Karl von Drais, ya ƙera abin hawa mai ƙafa biyu na itace, amma ba shi da abin takawa, da ƙafa ake tura ƙasa. Irin keken da muka sani, mai ƙafafu biyu daidai da juna da sarƙa mai juya ta baya, a Ingila aka fitar da shi a 1885, aikin John Kemp Starley ne. Bayan shekara 3 wani likitan dabbobi mai suna Dunlop ya yi tayar da ake hura wa iska, domin ɗansa ya daina jin zafin duwatsun hanya. Tun daga nan aka yi ta kawo su ƙasarmu, Raleigh daga Ingila, daga baya Phoenix daga ƙasar Sin. Majalisar Ɗinkin Duniya ma a 2018 ta sa ranar 3 ga Yuni ta zama ranar keke ta duniya.

Amfaninsa ga jiki ba ɓoyayye ba ne. Zuciya tsoka ce kamar ta dantse, aiki yake ƙara mata ƙarfi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi ya kamata ya motsa jiki aƙalla minti 150 a mako, watau rabin awa sau 5. Manomi a cikin damina ya wuce wannan nesa ba kusa ba. Amma akawu da tela da mai tireda da direba, waɗanda suke wuni a zaune, su ne wannan magana ta fi shafa. Keke ya fi gudu sauƙi ga mai ciwon gwiwa da mai ƙiba, gama sirdi ne yake ɗauke da nauyin jiki. Ga yadda za ka san ka yi daidai: idan kana tafiya kana iya yi wa abokinka magana amma ba ka iya rera waƙa, to, haka ake so. Idan maganar ma ta gagara sai haki, ka wuce gona da iri.

Kafin mu taɓa zancen sama da na jiki, tilas a faɗi na hanya, ko da yake babu daɗin faɗa. Kowa a ƙasar nan ya san abin da 'yan bindiga suka yi a shekarun nan. A daren 11 ga Disamba 2020 suka kwashe yara fiye da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara, aka samo su bayan kwana 6. A 2021 gwamnatin jiha ta rufe hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme ga motocin haya na wani lokaci, aka kuma yanke layin waya a ƙananan hukumomin nan uku da wasu maƙwabtansu. A 2025 an yi zaman sulhu a wasu wurare, har da Faskari. Duk da haka labarin hanya na yau ba shi ne na gobe ba. Ka tambayi mai unguwa da direbobin tasha kafin ka zaɓi inda za ka riƙa bi. Kada ka shiga hanyar daji don neman kyan wuri. Ka gaya wa mutanen gida inda ka nufa, ka fita da aboki in da hali, ka komo kafin magariba. Zuciyarka ba ta san bambancin tafiya mai nisa da kewaya filin Idi sau 20 ba, duk aiki ɗaya take yi.

DAMINA

Ƙasar nan ta fi arewacin Katsina samun ruwa. Daga Mayu zuwa Oktoba ake yinsa, Agusta ya fi kowane wata. A ganina babu lokacin da ya kai damina daɗin hawa, ga sanyin iska, ga gonaki kore shar, ga ƙura ta kwanta. Amma babu kuma lokacin da sama take saurin juyawa kamarsa. Ka fita rana tana haske, kafin rabin awa gari ya yi baƙi ƙirin.

Ka lura, hadarin ƙasarmu yawanci daga gabas yake tasowa. Saboda haka in za ka fita da yamma a damina, ka fara nufar gabas. Amfanin haka biyu ne. Hadarin yana gabanka, kana ganinsa tun yana ƙarami. In ka juya kuma, iskarsa tana bayanka tana tura ka gida. Wanda ya nufi yamma ba ya ganin abin da yake haɗuwa a bayansa, sai ya waiwaya ya ga hadari ya shiga tsakaninsa da gida. Kada ka ce za ka tsere masa. Mai shan iska yakan yi kamar kilomita 15 a awa, babban hadari kuwa yakan yi wannan sau uku. Da zarar ka ji iska mai sanyi ta buso da ƙura da ƙanshin ƙasa, ruwa ya kusa, lokacin neman mafaka ya yi.

Abin tsoro a nan ba jiƙewa ba ne, aradu ce. Haske yana isowa nan take, amma ƙara takan ɗauki daƙiƙa 3 kafin ta ci kilomita 1. In ka ga walƙiya ka fara ƙidaya a hankali. In ka ji tsawa kafin ka kai 30, tana kusa da kai, ka sauka. Wasu suna tsammanin robar taya tana tsare mai keke daga aradu. Ba ta tsarewa ko kaɗan. Ka jingine keken ka shiga ɗaki ko zaure ko shago. Kada ka fake a ƙarƙashin itace guda mai tsayi da ke tsaye shi kaɗai a gona, ɗorawa ce ko kuka, kada kuma ka hau kan dutse, ga su nan da yawa a ƙasar Faskari. Aradu abin da ya fi tsayi take nema.

Bayan an ɗauke ruwa da sauran aiki. Birkin tsohon keke roba ce take kama ƙarfen ƙafa, in ƙarfen ya jiƙe sai robar ta yi ta zamewa, ka matsa birki keke yana tafiya abinsa. Ka riƙa taɓa birkin kaɗan kaɗan tun da nisa don ya share ruwan, musamman a gangara. Jar ƙasa in ta sha ruwa santsi gare ta kamar sabulu, laka kuwa takan cushe tsakanin taya da murfinta har ƙafa ta ƙi juyawa. Wannan duka da sauƙi. Wanda ba shi da sauƙi shi ne rafi. Ana iya yin ruwa can wani gari, nan ko ɗigo ba a yi ba, sai ka tarar da rafin da ka haye da rana ƙafa a bushe ya cika yana gudu. In ruwan yana gudu ya kuma kai gwiwa, ka jira. Keke a cikin ruwa ba mataimaki ba ne, ruwa yakan kama shi ya ja ka tare da shi. In ka isa gida ka goge shi da tsumma, ka ɗiga wa sarƙa mai, in ba haka ba da safe za ka tarar ta yi ja.

Mutane sukan ce dukan ruwa yana kawo zazzaɓi. Gaskiyar magana, sauro ne yake kawo shi, wani likita Bature mai suna Ronald Ross ya gano haka a Indiya a 1897. Abin da ya sa aka haɗa su shi ne lokacinsu ɗaya, ruwa ya kwanta a kududdufai, sauro ya hayayyafa. Ka tuɓe jiƙaƙƙun tufafi da wuri don kada sanyi ya kama ka, amma gidan sauro shi ne tsarinka.

HUNTURU DA BAZARA

Hunturu ba shi da ruɗi irin na damina, abin da ka gani da safe shi za ka wuni da shi. Ka bari rana ta ɗan ɗaga kafin ka fita. Ranar da hazo ya yi kauri har ba ka hango itatuwan bayan gari, mai fuka da mai tari su zauna a gida, mai lafiya kuma ya rufe hanci da baki da rawani ko ƙyalle. Lokacin kaka ne kuma, manyan motoci suna ɗauke da hatsi da auduga a hanyar Funtuwa zuwa Gusau, ta Sheme da 'Yankara. Direba a cikin hazo ba ya hango mai keke sai ya zo dab. Ka sa farar riga, ka gyara fitila, in ka ji babbar mota a baya ka sauka gefen kwalta ka ba ta wuri. A hanyoyin gona kuwa tsidau ya bushe, ƙayarsa ba ta barin taya. Kada ka fita ba famfo da faci da sholisho.

Bazara ta fi wuya. A Afrilu zafi yakan kai digiri 40 a inuwa. Lokacin hawa biyu ne kaɗai, bayan asuba ko bayan la'asar sakaliya. Ka sha ruwa kafin ka fita, ka ɗauki gora, kada ka jira sai ƙishirwa ta kama ka. Fitsarinka zai gaya maka gaskiya, in ya yi kaɗan ya yi ja, ruwa ya ƙaranta a jikinka. In ka ji jiri da ciwon kai da tashin zuciya, ka sauka ka shiga inuwa ka jiƙa jikinka. Ana haɗa ruwan gishiri da sukari haka: ruwa mai tsabta lita 1, sukari ƙaramin cokali 6 a shafe, gishiri rabin ƙaramin cokali. Wanda zafi ya buga har ya fara sambatu ko ya suma, a yi ta zuba masa ruwa ana yi masa fifita, a kai shi asibiti maza. Azumin shekarun 2023 zuwa 2025 ya faɗo a cikin Maris da Afrilu. In azumi ya zo da zafi irin haka, mai son hawa ya taƙaita, ya yi shi dab da shan ruwa, ko ya bari sai bayan salla. Keken ma kada a bar shi a rana, iskar da ke cikin taya takan kumbura har ta fasa ta.

A bazara ne kuma sanƙarau yake yawo. A 1996 ya kashe mutum fiye da 11,000 a Nijeriya, yawancinsu a nan Arewa. Zazzaɓi mai zafi da ciwon kai mai tsanani da sanƙarewar wuya ba gajiyar keke ba ce, kada a kwana ana jiran ta wuce.

BAYAN CIWO

Yanzu mun zo inda maza suka fi yin kuskure. Mutum ya saba da hawa, jikinsa ya yi ƙwari, sai ciwo ya kwantar da shi. Ranar da ya ji sauƙi ya ci tuwo ya ƙoshi, sai ya ɗauko keke ya nufi inda ya saba zuwa, da irin saurin da ya saba yi. Na san wani akawu abokin aikina da ya yi haka kwana 2 bayan zazzaɓi ya sake shi. Zuwa ya yi lafiya. A komowa ƙafafunsa suka ƙi, idonsa ya yi duhu, a kan amalanken shanu aka kawo shi gida tare da kekensa, ya sake kwanciya mako guda. Ba ƙarfin hali ya rasa ba, jini ya rasa.

Ga dalili. Ƙwayar zazzaɓin cizon sauro a cikin jajayen ƙwayoyin jini take zama, tana fasa su. Su ne kuwa suke ɗaukar iskar da ka shaƙa su kai wa tsoka. Magani yana kashe cutar cikin kwana 3, amma ba ya mayar da jinin da aka fasa, wannan sai jiki ya saƙa sabo a hankali, makonni yake ɗauka. Ka ja fatar idonka ta ƙasa ka duba a madubi, ka kuma dubi tafin hannunka. In sun yi fari fat, da sauranka. Ka ci wake da zogale da hanta da nama gwargwadon hali. Ka kuma shanye maganin duka yadda aka ce, ko da ka ji sauƙi a rana ta biyu.

Muddin akwai zafi a jikinka kada ka hau keke, ko na mura ne. Masu cewa a fita a yi gumi zazzaɓi ya fice ba su san abin da zuciya take ciki ba. Tana gudu tun kana kwance, ka ƙara mata hawan tudu.

Akwai ma'auni a jikinka wanda ba ka biyan ko kwabo a kansa. Ka ɗora yatsu biyu a wuyan hannunka, ƙasa da gindin babban yatsa, za ka ji jijiya tana harbawa. Ka ƙidaya ta minti 1 da agogo, da safe kafin ka tashi daga shimfiɗa. Ta baligi mai lafiya takan buga tsakanin 60 da 100. Ka yi haka yanzu da kake lafiya, kwana 3 ko 4, ka rubuta lambar a bayan littafin nan tun da ka iya rubutu. Bayan ciwo ka sake ƙidayawa. In ta haura lambarka da 10 ko fiye, jiki bai gama gyaran kansa ba, ka ƙara hutawa.

In ta komo daidai, ka fara da ƙafa. Ka je masallaci ko kasuwa ka komo. In ba ka yi haki ba, washegari ka hau keke minti 10 a wuri mai baje, kusa da gida, da sanyin safiya. Ba ranar da ka hau za ka san ko ka yi daidai ba, sai washegari. In ka tashi garau, ka ƙara minti 5. In ka tashi jiki a mace, ka huta kwana 2 ka koma inda ka fara. Tudu shi ne na ƙarshe, in ka zo wurinsa ka sauka ka tura, babu kunya a ciki. Sannu ba ta hana zuwa. Ka kuma tuna, ƙarfin da ka fita da shi rabinsa na komowa ne, ka juya tun kana jin da sauransa.

Wasu cututtukan ba kai za ka yanke wa kanka hukunci a kansu ba. Zazzaɓin taifot hanji yake ci, yakan bar shi da rauni. Wanda aka yi wa aikin gwaiwa ko wani aiki a ciki, ɗinkin waje yana warkewa kafin na ciki. Waɗannan su tambayi likitan da ya duba su ranar da za su hau, su kuma bi abin da ya ce. Mai hawan jini keke yana taimakonsa ƙwarai, amma ba ya maye gurbin magani, kada ya ce tun da ya fara hawa ya bar shan ƙwaya. Mai ciwon suga da ke shan magani ko yin allura kada ya fita da yunwa, ya sa dabino a aljihu, in ya ji rawar jiki da gumi mai sanyi ya sauka ya ci. Wanda ya wuce shekara 40 bai taɓa auna jininsa ba, ya je a auna kafin ya fara, aikin minti 5 ne a asibitin gari.

Akwai kuma alamun da ba a jayayya da su. Nauyi ko matsi a ƙirji, musamman in ya bi hannun hagu ko muƙamuƙi. Numfashi ya ƙi isa alhali ba ka yi wani gudu ba. Zuciya tana bugawa ba bisa ƙa'ida ba tare da jiri. In ɗaya daga cikinsu ya same ka, ka sauka nan take ka zauna, ka aika a kira wani ya kai ka asibiti. Kada ka ce bari in lallaɓa in kai keken gida, keken ba zai ɓata ba, kowa a unguwa ya san mai shi.

Sau da yawa ana tambayata ko keke yana kawo basir. Ba ya kawo shi, amma sirdi mai tauri yana tsananta wa wanda yake da shi. Ciwon gwiwa kuwa yawanci laifin tsayin sirdi ne. Ka zauna a kai, ka ɗora diddige a kan feda sa'ad da take can ƙasa. In ƙafarka ta miƙe sosai ba ka karkata ba, tsayin ya yi. Yawancin kekunan da nake gani a hanya sirdinsu ya yi ƙasa da yawa, domin uba da 'ya'yansa duk shi suke hawa.

In jinya za ta yi tsawo, ka sa a kula da keken. A wanke shi, a shafa wa sarƙa mai, a rataye shi ko a kifa shi a cikin ɗaki inda rana da ɗigar ruwa ba sa kai wa. Taya in ta sace aka bar nauyin keke a kanta wata da watanni, sai ta tsattsage ta gefe. Ranar da za ka koma hawa, ka fara kai shi wurin mai gyara ya duba birki da sarƙa, ya ɗaure abin da ya kwance, sa'an nan ka gwada birkin nan biyu a ƙofar gida kafin ka hau hanya.